Maiƙona a Hannun Henrik

Rigar sanyin da na sauka da ita a ƙasar Suwidin a kasuwar Sabon Gari na saye ta, a layin 'yan gwanjo. Mai shagon ya ɗaga ta sama ya karkaɗe, ya rantse mini cewa da irinta Turawa ke kwana a kan ƙanƙara. Na yarda, domin a lokacin ban san abin da ake kira sanyi ba. Ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa iska ta ratsa rigar ta ratsa ni, har haƙorana suka fara kaɗawa. Daga baya aka gaya mini rigar ruwa ce, ta masu hawan keke da damina.

Sunana Rahila. A Samaru aka haife ni, a bayan kasuwa. Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, Mama kuwa ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Na karanta harhaɗa magunguna a jami'ar da ke tsallaken titinmu, na gama, aka riƙe ni ina koyarwa a matsayin ƙaramar malama. Daga nan na samu gurbin digiri na uku a wani garin masu jami'a a kudancin Suwidin. Sharaɗin a fili yake tun farko: karatun na shekara huɗu ne, amma a tsakiya kwamiti zai zauna a kaina. In sun gamsu in ci gaba. In ba su gamsu ba, su miƙa mini wata ƙaramar shaida ta rabin hanya, su yi mini fatan alheri, in kama hanyar gida. Ranar da zan taho, matan zumunta har tashar mota suka raka ni da waƙa, suna kirana Dakta tun ban ɗora ƙafa a jirgi ba. Komawa da rabin digiri a gaban waɗannan mata, ni dai na san ba zan iya ba.

Shugabar ɗakin bincikenmu wata tsohuwa ce mai farin gashi, sunanta Birgitta. A kan keke take zuwa aiki ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ranar farko na rusuna na gaishe ta, na ce Farfesa, sai ta waiga bayanta tana neman wanda nake nufi. Ta ce in kira ta da sunanta kawai. Matar da ta girmi Mama! Na yi watanni ina kewaye-kewaye, in dai zan yi mata magana sai in tsaya a gefenta in yi gyaran murya har ta juyo. Ita ce ta haɗa ni da Henrik, dogon mutum mai jan gemu wanda ya riga ya gama nasa digirin, ta ce shi zai nuna mini aiki. A raina na ɗauke shi yayana, na ajiye shi inda ake ajiye na gaba.

Aikin namu aikin ɗan aike ne. Jikin mutum cike yake da ƙwayoyin halitta, kowace tana aiki bisa umarnin da ke cikinta. In ka iya shigar mata da sabon umarni, wanda masana ke kira mRNA, za ta karanta ta ƙera maganin da kanta. Matsalar ita ce saƙon ba shi da ƙwari. In ka zuba shi haka nan a jini, kafin ya je ko'ina an yayyaga shi. Saboda haka ake naɗe shi a cikin ɗigon maiƙo ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin asibiti ba ya ganinsu. Maiƙon iri-iri ne ake haɗawa, amma ɗaya ne uban tafiya, shi ne mai sauya hali. A ruwa mai tsami yana ɗaukar caji, ya rungume saƙon ya ƙanƙame. In ya shiga jini, inda babu tsami, sai ya yi lamo, ba ya taɓa kowa. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye shi ta jefa shi cikin 'yar jakarta mai tsami, nan zai farka, ya fasa jakar, ya saki saƙon. Na zauna na bayyana wa Mama wannan duka a waya, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe alala kika je ƙullawa." Na ce e, Mama, sai dai ganyen ne ke da wuyar samu.

Henrik ya iya aiki, ba zan ci amanarsa ba. Shi ya koya mini yadda ake tura maiƙo ta bututu ɗaya, saƙo ta ɗayan, su haɗu a wata 'yar hanya siririya kamar gashi. Shi ya koya mini auna girman ɗigon. Na ɓata kaya ba adadi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ba ya tambayar yaya na kwana, ba ya tambayar mutanen gida. Ba shi kaɗai ba, duk garin haka suke. Maƙwabcina na ɗaki in ya ji motsina a matakala sai ya dakata a bayan ƙofarsa har in wuce, don kada mu gaisa. Ni da na taso a layin da ba ka isa ka je sayen katin waya ka dawo ba sai ka amsa gaisuwa har bakinka ya gaji. Da hunturu ya kankama, rana tana faɗuwa tun ba a tashi daga aiki ba. Na yi kuka a wannan ɗakin, ba sau ɗaya ba, kuma ba don wani ya yi mini laifi ba. Na yi kewar ƙarar keke-napep, na yi kewar mai masa ta bakin kasuwa, har faɗan kwandastocin motar Sabon Gari na yi kewa.

Wata Lahadi ina cikin bas ina waya da yayana Bulus, wanda ke da kemis a Sabon Gari kusa da titin PZ. Ina ajiye wayar sai na ji an dafa kafaɗata. Wata mata ce kakkaura, ta naɗe kanta da gyale mai kauri, tana kallona kamar ta tsinci abin da ta daɗe tana nema.

"Ke yarinyan nan, 'yar Zariya ne?"

Na kusa faɗuwa daga kujera. Na ce, "Samaru."

"Chineke! Ni Sabon Gari aka haife ni. Babana yana da garejin walda a Chikaji. Ngozi sunana. Wane mugu ya sayar miki da wannan riga?"

Na gaya mata layin. Ta kwashe da dariya har mutanen bas suka juyo, abin da ba su saba yi ba. Ta ce ai ta san layin, ta san irin rantsuwarsu. Ba ta bar ni na sauka a inda zan sauka ba. Ta ja ni gidanta, ta ciro wata riga mai nauyi daga kabad ta ɗora mini, ta tuƙa tuwon semo da miyar kuka da ta ce tana ɓoyonta ne don ranar da Allah zai kawo mata ɗan gida. Nas ce a gidan kula da tsofaffi, ta daɗe a ƙasar. Hausarta ta Sabon Gari ce tsantsa, mace da namiji duk "ne" ne, in magana ta yi zafi kuma ta juya zuwa Turancin kasuwa. Tun daga ranar na koma kiranta Anti, gidanta ya zama wurin zuwana kowace Lahadi bayan sujada.

Bulus ne ya jefa mini abin da ya zama aikina, ba tare da ya sani ba. Ɗigon maiƙon nan ba ya jure zafi ko kaɗan. A firiza muke ajiye shi, mai sanyin da ko kifin kasuwa ba a ba shi. Ina ba Bulus labari a waya sai ya yi tsaki.

"Firiza? Rahila, yau kwana nawa ba mu ga wuta ba a layinmu. Janareto ya cinye ni. Ku masu ilimi kuna can kuna yin maganin da sai mai wuta zai sha. In kin isa, ki yi wanda zai zauna a kan kantar shagona."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini. Na yi ta karatu, na yi ta zane a kan allo. Na ga cewa in aka sauya wa maiƙon nan mai sauya hali jelarsa, aka yi mata rassa, sannan aka busar da ɗigon a cikin wani haɗin sukari har ya zama gari, mai yiwuwa ya jure. Na kai wa Henrik. Ya duba, ya shafa gemu, ya ce an gwada irin wannan a wurare da yawa, ɓata kaya ne, in mayar da hankali kan abin da aka sa ni. Na ce to. Amma "to" ɗin ɗan Zariya ba kullum take nufin an bari ba. Na nemi izinin Birgitta in riƙa shiga ranar Asabar don in ƙara gogewa, ta ce ɗakin nawa ne. Asabar bayan Asabar ina haɗawa, yana lalacewa, ina sauyawa. Akwai wani akwatin ɗumama kaya a lungu, na saita shi a kan zafin Zariya na tsakar rana a watan Afrilu, irin wanda kwalta ke laushi a titin PZ. Duk garin da na busar, can nake jefa shi in bar shi makonni.

Saƙon da muke gwaji da shi umarni ne mai sauƙi: ƙwayar halitta ta yi haske kore. In ɗigon ya isar, za ka ga haske. In ya mutu a hanya, duhu za ka gani. Na ga duhu har na saba da shi. Wata Asabar da hantsi na ɗauko wata kwalba da ta daɗe a akwatin zafi, wadda na jiƙa garinta na zuba wa ƙwayoyin tun jiya, na leƙa madubi. Kore ko'ina. Na ɗaga kai na goge ido na sake leƙawa. Yana nan. Ni kaɗai ce a ɗakin, na tashi na taka rawar zumuntar mata tsakanin tebura, da farar rigar aiki da safar hannu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma na san ni na yi, babu hannun kowa a ciki.

A nan ne tarbiyyar gidanmu ta shigo. A gidanmu, in na yi girkin Kirsimeti baƙi suka yaba, ba na cewa na gode. Cewa nake, "Mama ce ta yi, ni wuta kawai na hura." Ita kuma Mama sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ina! Ko ludayi ban taɓa ba, ita ta yi komai." Haka yabo ke tafiya a wurinmu: ƙarami ya miƙa wa babba, babba ya mayar masa a gaban jama'a, ya dawo da nauyin da ya fi na da. A jami'ar Samaru ma haka muka yi. Ranar da na kare aikin digirina na biyu na ce duk basirar malamina ce, shi kuwa ya miƙe ya ce wa baƙin malamai yarinyar nan ta koya masa abin da bai sani ba. Kara ke nan. Ban taɓa tunanin akwai inda ake yin rabinta a bar rabi ba.

Ranar Litinin tun da safe na kai wa Henrik hotunan, domin ba a tsallake na gaba. Ya daɗe yana kallo. A taron mako aka haska su a bango. Birgitta ta cire tabarau ta matso.

"Wannan ya zauna a zafi, kuma ya yi aiki? Tunanin wane ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Henrik ne ya koya mini komai. Aikinsa ne."

Na zauna ina jira. Har na shirya irin murmushin da zan yi in ya ce a'a. Sai na ji ya ce, "Na gode, Rahila," ya miƙe ya nufi allo ya fara bayanin jelar maiƙon. Birgitta tana gyaɗa kai tana rubutu.

Wallahi ban ji haushi ba a ranar. Cewa na yi a raina, mutumin nan ya san abin da yake yi, taron mako ya yi masa ƙanƙanta, yana jiran babban zama ne don ya fito da ni sosai. Manya sukan yi haka. Baƙi suka zo daga wata jami'a, aka tambaya, na sake miƙa masa, ya sake karɓa. Aka yi babban taron masana a wata ƙasa, shi aka tura, ni na shirya masa hotunan da hannuna. Ya dawo da alewa ya ajiye a teburin shan kofi don kowa ya ɗauka. Har a lokacin ina jira. Sannu a hankali maiƙon ya samu suna a ɗakin, kowa na cewa maiƙon Henrik, ni ma da bakina na faɗa.

Ana saura 'yan makonni kwamiti ya zauna, Birgitta ta kira ni ofis. Ta zuba mini kofi da kanta. Ta ce ba ta son abin ya zo mini ba zato. Ta ce hannuna yana da kyau, ba ta taɓa samun mai tsabtar aiki kamata ba, amma digiri na uku ba na hannu ba ne kawai. Shekara biyu tana jira ta ga tunani guda da zan ce nawa ne, ba ta gani ba. Duk lokacin da ta tambaye ni, sai in nuna wani. Ta ce shawarar da za ta ba kwamiti ita ce a rufe a rabin hanya, kuma ba abin kunya ba ne.

Bakina ya cika da magana, amma yaya zan ce wa tsohuwa ta yi kuskure, kuma in kai ƙarar na gaba da ni a bayan idonsa? Na ce na gode, na fita.

Na samu Henrik a ɗakin awo na ce masa, cikin ladabi, ko zai yi wa Birgitta bayanin yadda aka samo maiƙon nan. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce ai aikin ɗaki na kowa ne, kuma ni da kaina na faɗa a gaban mutane cewa nasa ne, ba sau ɗaya ba. In ya koma yanzu ya sauya magana, yaya za a dube shi? Ya ce zai rubuta mini takardar yabo mai kyau in zan nemi aiki a gida. A nan na gane ya sani sarai. Da farko wataƙila ya ɗauka kyauta ce na ba shi, amma yanzu ya san abin da kyautar za ta ci mini, ya kuma zaɓi ya riƙe.

Na kira Baba da yamma. Ya saurara, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Rahila, ki yi haƙuri. Kada ki je ƙasar mutane ki zubar da mutuncin gidanmu da jayayya da na gaba da ke. In mutumin kirki ne zai faɗa. In bai faɗa ba, Ubangiji ya gani." Na ce to, Baba. Na san da gaskiyarsa yake magana, da abin da ya rayu a kai. Sai dai Baba bai taɓa zama a inda ake karɓar kara a sa a aljihu ba.

Ranar Lahadi na kwashe komai na gaya wa Anti Ngozi. Tana yanka kubewa, sai ta ajiye wuƙar.

"Tsaya. Ke da bakinki kin ce nashi ne?"

"Kara na yi masa, Anti."

"Kara! See dis Samaru pikin o! Ke kin ga suna da kara a nan? A nan in kin ce ma mutum ga shi, ya ce tank yu, ya wuce. In kin ce ba ki ci abinci don kunya, su kwashe kwano. Ni farkon zuwana yunwa ya kusa kashe ni a gidan mutane."

"To yaya zan yi? Baba ya ce in yi haƙuri."

"Babanki mutumin kirki ne, amma yana Samaru. Ke kin taɓa gani a kasuwan Sabon Gari mai kaya ya ce kayan maƙwabcina ne ya fi kyau? Ba rashin kunya ba ne ki ce naki naki ne. Ba ki zagi kowa ba. You no tif am, ba ki sata ba. Ki buɗe baki ki faɗa, ki kalli matan nan a ido."

"Ba zan iya kallon tsohuwa a ido ba."

"To kalli hancinta. Ba za ta gane ba."

Ta sa na miƙe a tsakiyar kicin ɗinta, ta zauna a kujera ta ɗora tabarau a karan hanci wai ita ce Birgitta, ta ce in faɗa. Na fara ƙasa-ƙasa, ta ce ba ta ji ba. Na sake, ta ce kamar mai roƙon gishiri. Muka yi ta yi har kubewa ta kusa ƙonewa, muna dariya, ni ina share hawaye. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "In kin koma gida ki ci gaba da karanki, yana da kyau. Amma ranan nan ki zama 'yar Sabon Gari."

Ranar zaman, mutum uku ne a kwamiti, da Birgitta, da Henrik a gefe a matsayin wanda ya kula da aikina. Na yi bayanin ayyukan da aka sa ni, suka yi tambayoyi, na amsa. Shugaban zaman, wani mai sanƙo daga wani sashe, ya duba agogo ya ce ko ina da abin da zan ƙara. Na tuna Baba, na ji kamar zan saɓa masa a gaban jama'a. Na nemi hancin Birgitta na kafa masa ido.

"Ina da shi. Maiƙon da ke jure zafi, wanda ake kira na Henrik, ni na yi shi. Ni na zana jelar, ni na haɗa sukarin, ni na gwada shi a ranakun Asabar. Zafin da aka gwada shi a kai zafin garinmu ne, domin shagon yayana ba shi da wuta."

Birgitta ta ajiye biro.

"Rahila, na tambaye ki a gaban kowa. Kin ce nasa ne. Me ya sa?"

"Domin haka ake yi a garinmu. In ƙarami ya yi abin kirki, yakan miƙa wa na gaba da shi, don girmamawa. Shi kuma na gaban sai ya mayar masa a gaban mutane. Ban yi ƙarya don in ruɗe ki ba. Na ba shi ne ina jira ya mayar."

Ban kalli Henrik ba, amma na ji kujerarsa ta motsa. Birgitta ta juya ta dube shi. Mai sanƙo ya fara gyara takardunsa. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da tarbiyya kuma na rasa digiri.

Sai Henrik ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Nata ne," ya ce. "Ta kawo mini tun yana zane, na ce mata ɓata kaya ne. Ban taɓa kwalba ɗaya ba sai bayan ya yi aiki. Ya kamata in faɗa tun ranar farko."

Birgitta ta juyo gare ni. "Haka ne?"

Kun san abin da bakina ya fara? Ya buɗe da kansa zai ce ai ba komai, ai da taimakonsa ne, ai shi ya koya mini riƙe bututu. Maganar ta zo har kan harshe. Na danne ta da haƙori. Na ɗauke idona daga hancin tsohuwar na dube ta cikin ido sosai, karo na farko tun zuwana ƙasar.

"Haka ne."

Birgitta ta jawo takardar shawarar da ta riga ta rubuta, ta ninke ta biyu ta tura a aljihun rigarta, ta ce wa mai sanƙo ba ta da abin miƙawa yau, za ta rubuta wata. Ta tura kujerarta baya, ta miƙo mini alƙalamin allo.

"Tashi ki nuna mini jelar nan tun daga farko," ta ce. "Shekara biyu ina tambayar wanda bai sani ba. Kuma ki gaya mini yadda zafin garin naku yake, domin can za ki kai shi ki gwada kafin ki gama."